Amsa ga ɗan'uwan da maki ya raba shi da albam ɗinsa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka har sau uku kafin na iya ɗaukar waya in rubuta wannan, domin abin da ka faɗa ya taɓo mini wani tsohon miki. Ka ce akwai albam ɗin da ka shekara biyu kana saurare, sai ka ga Pitchfork, mujallar sharhin kiɗa ta intanet, ta ba shi maki ƙasa da biyar cikin goma, tun daga ranar kuma ka kasa jin daɗinsa, har kana tambaya ko kunnenka ne bai san kiɗa ba. Ni ma haka ta faru da ni, sai dai nawa a gaban mutane aka yi.

A shekarar 2011 ina aji biyu a jami'a, akwai albam ɗin Liz Phair na 2003 a memorin wayata. Akwai waƙoƙi a cikinsa da nake tsallakewa saboda batsar da ke cikinsu, wannan ba zan ɓoye ba. Amma akwai guda ɗaya, Little Digger, wadda ta yi a kan ɗanta ƙarami yana kallon wani namiji da ba mahaifinsa ba a kusa da uwarsa. Ni agola ne. Ina ɗan shekara shida mahaifiyata ta tafi da ni gidan sabon mijinta, kuma ban taɓa jin wani ya faɗi abin da yaro yake ji a irin wannan hali ba sai a bakin wannan baiwar Allah ta Amurka.

Wata rana da daddare mu shida ne a ɗaki, sai wani da ke gaba da mu da aji biyu, wanda duk muke ɗauka malami a harkar rok, ya zare iyafis daga kunnena ya sa a nasa. Bai yi minti ɗaya yana ji ba ya tuntsire da dariya, ya buɗe kwamfutarsa ya juyo mana da ita domin kowa ya ga 0.0 da Pitchfork ta ba albam ɗin. Ya ce a duk duniya an rasa wanda zai so wannan shara sai ni. Har yau ina tuna yadda ya riƙa ƙwanƙwasa gilashin kwamfutar da farcensa a kan sifirin nan, yana maimaitawa, sauran suna taya shi. Ban iya ce masa komai ba, domin da na yi bayanin dalilina sai na tona abin da ban taɓa gaya wa kowa a makarantar ba. A daren na goge albam ɗin gaba ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga baya na gano bai taɓa sauraren albam ɗin daga farko zuwa ƙarshe ba, makin kawai ya haddace, kuma sai da ya kammala karatu yana kirana da sunan Sifiri.

To ka san wanda ya rubuta wancan sharhin? Matt LeMay ne, yana ɗan shekara 19 a lokacin. Laifin da aka ɗora wa matar shi ne ta bar salon albam ɗinta na farko, Exile in Guyville na 1993, ta koma aiki da masu haɗa kiɗan mawaƙiyar pop Avril Lavigne domin ta shiga rediyo, wato abin da ta yi aka hukunta fiye da abin da ta rera. A 2019 shi da kansa ya fito ya ba ta haƙuri a Twitter, a 2021 kuma Pitchfork ta sake duba albam ɗin ta mayar da makinsa 6.0. Shekara goma ke nan bayan na goge shi saboda kunya.

Kuma ba a kanta aka fara ba. Mujallar Rolling Stone taurari uku ta ba albam ɗin Pinkerton na ƙungiyar Weezer a 1996, masu karanta mujallar ma suka sa shi cikin mafi muni na shekarar, sai ga ta a 2004 ta ba shi taurari biyar, alhali ko harafi ɗaya ba a canza a cikinsa ba. Mawaƙi Nick Drake ya rasu a 1974 yana ɗan shekara 26 ba tare da albam ɗinsa Pink Moon ya yi kasuwa ba, sai da wata tallar motar Volkswagen ta ɗauki waƙar da ke ɗauke da sunan albam ɗin a 1999 sannan jama'a suka yi ca a kansa.

Ba ina cewa ka daina karanta sharhi ba. Ni kaina ta hanyarsa na san Fiona Apple, kuma 10 da aka ba albam ɗinta na 2020 a ganina ya cancanta. Amma don Allah ka riƙa jin albam sau uku ko huɗu kafin ka nemi abin da aka rubuta a kansa, idan kuma ka buɗe, ka karanta hujjar marubucin ka bar lambar. Ka duba ko kiɗan yake magana a kai ko kuwa kamfanin da mawaƙin ya koma da irin mutanen da yake hulɗa da su.

Wani abin takaici ma, shi wancan mutumin yakan raina kiɗan gitar Buzaye da muke turawa juna ta waya, yana cewa na 'yan tasha ne. Mdou Moctar, Buzu makaɗin gita daga Nijar, a Sakkwato ya ɗauki albam ɗinsa na farko a 2008, amma sai da Matador, kamfanin da ya fara fitar da Liz Phair, ya saki Afrique Victime a 2021 Turawa suka yaba, sannan na ga mutumin nan yana yaɗa shi a Facebook kamar shi ya gano shi.

Na sake sauke Little Digger bayan rasuwar mahaifiyata, amma duk lokacin da na kunna sai in ji ƙarar farcen nan a kan gilashi kafin muryarta ta shigo. Shi ya sa nake roƙonka kada ka goge naka. Ka kunna shi yau da daddare kai kaɗai, sannan ka dawo ka gaya mana sunansa, ni dai zan saurare shi kafin in duba makinsa.