Shin In Sayi Tsohuwar Akori-kura Ta Zama Motar Hawana ta Kullum?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Zariya. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Ina sarin masara da waken suya a kasuwannin ƙauye sau biyu a mako, buhu goma zuwa goma sha biyu kowace tafiya, kuma ina biyan kusan naira 2,500 kuɗin mota a kan kowane buhu. An yi mini tayin Peugeot 504 akori-kura, tsohuwa amma tana tashi lafiya, a kan naira miliyan 2.5. Jarina bai wuce miliyan 7 ba. Ina so ta riƙa ɗauko mini kaya, kuma in riƙa hawanta kullum zuwa shago da kai yara makaranta. In saya?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kana iya sayenta domin kaya, in ta cika sharuɗɗan da zan faɗa maka. Amma batun hawan kullum da kai yara makaranta, ina roƙonka ka cire shi daga lissafi, domin a nan ne za ta cinye maka riba.

Ban ga laifinka ba da ranka ya kwanta da ita. Motar nan ta yi wa ƙasar nan aiki. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Nijeriya (PAN) da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da ita har wajen 2006, shekaru da yawa bayan an daina ƙera ta a Turai. Shi ya sa har yau da wuya ka shiga gari a Arewa ka rasa bakaniken da ya san cikinta. Ba ta da kwamfuta, ba ta da na'urorin lantarkin da sai an jona wata na'ura kafin a gane ciwonsu. Kafireto ne da fulogi da kwantak, abin da ake kwancewa a gindin bishiya a mayar kafin la'asar. Injinta ma an yi shi yadda za a iya zare silif, wato bututun da fistin yake hawa da sauka a cikinsa, a sa sabo tare da fistin da ringi, ya dawo da ƙarfinsa ba tare da an sayi wani injin ba. Kuma tsohuwar mota irin wannan ta riga ta gama faɗuwar daraja. In ka kula da ita, ranar da za ka sayar ba za ka yi asarar da mai sabuwar mota yake yi ba.

Sai dai wannan tarihin yana da ɗaya fuskar. Ƙaramar cikinsu yanzu ta doshi shekara ashirin, wasu sun haura arba'in, kuma akori-kura ba ta taɓa samun hutu a hannun kowa ba. An tsara ta ne ta ɗauki kimanin tan ɗaya, wato buhu goma na kilo 100, amma kai ma shaida ne kan irin lodin da ake yi mata ranar kasuwa, ga buhuna ga mutane a sama. Motar da ta shekara talatin a haka, "tana tashi lafiya" bai isa shaida a kanta ba.

To mu zo kan kuɗi. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, lissafin kowace mota a Nijeriya ya sauya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da dama. A da, mai tsohuwar mota yana iya kawar da kai daga shan manta. Yanzu mai shi ne babban abin da za ka riƙa kashewa, kuma injin kafireto da ya tsufa ya fi na zamani sha nesa ba kusa ba.

Bari mu ƙaddara, don misali kawai, kasuwar da kake zuwa kilomita 60 ce, zuwa da dawowa 120. A ce motar tana shan lita 14 a kowace kilomita 100, ka ga kusan lita 17 ke nan. In lita tana naira 900, ka ƙona 15,300. Ka ware aƙalla 7,000 a kowace tafiya domin taya, baƙin mai, birki da gyaran da ba ya sallama. Ka ƙara kamar 3,000 na tikitin tasha da 'yan ƙananan kashe-kashen hanya. Jimla ta kama wajen 25,000. Buhu goma a kan 2,500 da kake biya yanzu nawa ne? 25,000 cif. Ashe in masararka kaɗai za ta riƙa ɗaukowa, ka fitar da miliyan 2.5 ne ka sayi abin da kake samu a yau ba tare da ka ajiye ko kwabo ba, kuma ka ɗora wa kanka tuƙi da zaman gareji.

Ribar akori-kura tana cikin tafiyar da ba a yi ta wayam ba. In za ka fita daga Zariya da kaya, ko taki ne, ko siminti, ko kayan masarufin masu shaguna a ƙauyen, kuɗin wannan lodin shi zai biya man, sai kayanka su dawo kusan kyauta. Sauran kwanakin mako kuma ta yi wa 'yan kasuwa 'yan'uwanka jigila a cikin gari da kewaye. Akwai wata ribar da ba ta fitowa a takarda amma ɗan kasuwar hatsi ya san ta: ka isa kasuwa da sassafe kafin farashi ya motsa, ka shiga ƙauyen da manyan motoci ba sa shiga ka saya a bakin gona, kuma kayanka ba sa kwana a tasha suna jiran mota ta cika. Wannan kai ne za ka iya sa masa farashi, ni ba zan iya ba. Abin da nake so kafin ka biya shi ne ka samu mutum biyu ko uku da suka yi maka alkawarin lodi a kai a kai. In babu su, ka ci gaba da biyan kuɗin mota, ba abin kunya ba ne.

Hawan kullum kuwa lissafinsa ya fi muni. Daga gida zuwa makaranta, zuwa shago, zuwa ɗaurin aure da gaisuwa, a ce kilomita 30 a rana. A cunkoson gari, tsaya-tafi tsaya-tafi, da wuya ta sha ƙasa da lita 4. Naira 3,600 ke nan a rana, sama da 90,000 a wata, kuma babu buhu ko ɗaya a bayanta. Babur zai yi maka wannan zirga-zirgar da ɗan kaɗan daga wannan kuɗin. Sannan kowace kilomita da ta yi wayam tana rage kwanan kuloci da taya da za su yi maka aikin kuɗi. Mota irin wannan ta fi son doguwar hanya da iska a lagireto. Cunkoso a watan Afrilu shi ke sa ta yi zafi, kan injinta kuwa na alminiyam ne, in ya sha zafi sosai yana iya lanƙwasa ya ƙona gasket. Gyaran ba ƙarami ba ne.

Maganar yara ita ta fi damuna, kuma ba ta kuɗi ba ce. Gaban motar mutum biyu ne, a matse uku. Sauran yaran a bodi za su zauna, inda babu kujera, babu bel, babu abin riƙewa na kirki. Birki ɗaya mai ƙarfi ko ramin da ba a gani ba ya isa ya jefo yaro ƙasa. Don mun saba ganin ana yi ba ya rage haɗarin. Ka bar su a kan Keke Napep ɗin da ke kai su, ko ka haɗa kuɗi da maƙwabta a ɗauki mai mota.

Yanzu ga jarinka. Miliyan 2.5 ba shi ne farashin motar ba, kuɗin karɓar makulli ne. Duk tsohuwar motar da ta sauya hannu sai ta nemi kuɗi a watannin farko: tayoyi, batir, birki, sifirin ɗin baya da ya kwanta, wayoyin wuta da aka yi ta yankewa ana ɗaurewa. Ga la'adar dillali, ga sauya sunan mai mota a takardu, ga lasin da inshora da takardar cancantar hawa titi. Inshorar dole mafi ƙanƙanta ma an ɗaga ta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, ta kasuwanci kuma ta fi haka. In ka ƙaddara rabin miliyan a kan duk waɗannan ba ka yi yawa ba. Ka ga miliyan 3 daga cikin 7, kusan rabin jarin da kake juyawa. Kai kuma sana'arka ta kaka ce: wanda yake da kuɗi a hannu lokacin da masara ta faɗi shi ke cin shekara. Ka lissafa buhu nawa miliyan 3 za ta saya maka a watan Nuwamba, da abin da suka saba bar maka in ka sayar da bazara. Wannan kuɗin ma motar ce ta ci, ko da ba ka gan shi yana fita ba. A ra'ayina kada abin hawa ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na jarin mai saye da sayarwa. Ko dai ka taya ƙasa sosai, ko ka nemi amintaccen abokin tarayya ku raba kuɗin da rubutacciyar yarjejeniya, ko ka jira bayan ka sayar da ajiyar bana. Bashi mai ruwa don sayen mota mai shekara talatin kuwa, ko kusa kada ka je.

In ka ga lissafin ya yi maka, kada ka je kallonta da bakaniken mai motar ko na dillali. Ka ɗauki naka, kuma dattijon da ya ƙware a Peugeot, ka biya shi kuɗin yininsa. Ku je da safe kafin a tayar da ita, don injin da ya kwana ba ya ɓoye hayaƙi. Shuɗin hayaƙi alamar tana cin baƙin mai ce. A buɗe lagireto a ga ko mai ya gauraya da ruwa. Amma abin da ya fi inji muhimmanci shi ne shasi, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da motar gaba ɗaya. A shiga ƙarƙashinta da tocila a duba tsatsa da wuraren da aka yi walda, musamman inda sifirin ɗin baya ya kama. Motar da ta daɗe tana ɗaukar taki ko gishiri, ƙasan bodinta yakan rube a ɓoye ƙarƙashin sabon fenti. Inji ana sake shi, giya ana sake ta, shasin da ya karye aka ɗinke kuwa zai sake karyewa a ranar da ka fi loda mata kaya. Sannan a gwada ta da kaya a baya, a hau tudu, a taka birki da gaske. Ka cika tanki, ku yi tafiyar da ka san tsawonta, ka sake cikawa. Abin da famfo ya nuna shi ne shan manta, shi za ka sa a lissafin da muka yi a sama a maimakon nawa.

Takardu ma a bi su a hankali. Lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke rubuce. In motar gado ce, kamar yadda da yawansu suke, ka tabbata an raba gadon ko duk magada sun amince, a rubuta a gaban shaidu. Rigimar magada ta fi lalacewar inji wuyar gyara.

Kayan gyara suna nan, a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano za ka samu kusan komai. Matsalar ita ce inganci. Tunda an daina ƙera motar, sabon kaya na asali ya yi ƙaranci, jabu ya cika kasuwa. Sau da yawa tsohon kaya na asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabo mai sheƙi a kwali daɗewa. A kan birki da sitiyari da taya dai kada ka nemi araha. Ka kuma riƙa ajiye bel ɗin fanka, fulogi, kwantak da jarkar ruwa a bayan kujera.

Wasu za su ce ka mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya take ƙarfafawa tun 2023. Gas ɗin ya fi fetur araha sosai, kuma injin kafireto ba ya wuyar juyawa. Amma tukunyar tana da nauyi kuma tana cin wurin buhu, gidajen sayar da gas ɗin ba su kai ƙauyukan da kake zuwa ba, kuma injin da ya gaji ba ya samun ƙarfi don an sauya masa abinci. Ka bari sai motar ta yi wata shida tana biyan kanta. In za ka yi, a cibiyar da hukuma ta amince da ita kawai. A Oktoban 2024 wata mota da aka sa wa tukunyar ƙirar hannu ta fashe a gidan gas a birnin Benin, mutane suka ji munanan raunuka.

Daga ranar da ta shigo hannunka ka buɗe mata littafinta daban da na shago. Ko kayanka ta ɗauko, ka biya ta 2,500 a kan buhu kamar yadda kake biyan wani, ka sa a asusunta, mai da gyara su fita daga nan. Bayan wata uku ka duba. In asusun yana ƙaruwa, ka riƙe ta. In kullum sai ka ɗebo daga kuɗin masara ka cika mata, ka sayar kafin kaka ta zo, lokacin da masu neman akori-kura suke yawa.