Fatawa: Ɓoye jini a tambayoyin tantance wasan salula don ya samu kasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni da abokaina biyu a nan Maraɗi mun haɗa wasan salula na mahaya dawakai da yaƙin takobi. Idan an sari mutum jini yana fita, akwai kuma akwatin da ake saya da kuɗi ba a san makamin da ke ciki ba. Za mu sa shi a Google Play. Ɗayanmu ya ce mu amsa cewa babu jini, don a ba mu alamar ƙananan yara mu samu masu saukewa da yawa. Hakan ya halatta? Idan kuma muka karɓi alamar 18, ta wanke mu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ɗana. Haɗa wasa da sayar da shi halal ne a asalinsa, muddin babu haram a cikinsa kuma ba a gina shi don ya shagaltar daga salla ba. Hotunan da ke fuskar waya ba su da inuwa, kuma abin da malamanmu na Malikiyya suka haramta shi ne mutum-mutumi cikakke mai inuwa.

Shawarar abokinka kuwa haram ce. Bayan ka biya dala 25 na buɗe asusu, wato wajen jaka goma sha biyar na sefa, za a ba ka tambayoyin IARC, wato ƙungiyar haɗin gwiwar hukumomin da ke sa wa wasanni alamar shekaru. Babu wanda zai zauna ya buga wasanka kafin a fitar da alamar. Amsarka ce ake lissafawa. Daga cikawa ɗaya ake samun alamar PEGI ta Turai mai matakan shekaru 3, 7, 12, 16 da 18, da ta ESRB ta Amurka, da alamar gama-gari ga ƙasashen da ba su da hukumar kansu. Uban da ya kulle wayar ɗansa a kan shekara 7 da wannan alama ya dogara. Ka ga ke nan shaida kake bayarwa, kuma wanda za a cuta yaro ne da bai san komai ba.

Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Jinin da ke mataki na biyar na wasanka, wanda ba ya cikin hotunan talla, shi ne jiƙaƙƙen hatsin da ke ƙasan buhu. Duk ɗan kasuwar Maraɗi ya san sunan wannan aiki. Ko ta fuskar duniya ma asara ce: hukumomin suna iya sake duba wasan su canza alamar, Google kuma na iya cire shi ko ya dakatar da asusun.

Akwai halastacciyar hanya idan yara kuke nema: ku gyara wasan kansa. Tambayoyin suna bambanta dukan da ke kama da na gaske da na zane, da wanda aka yi wa mutum da wanda aka yi wa dodon tatsuniya, suna kuma tambayar jini daban. Ku cire jinin, mahayin da aka sara ya faɗi cikin ƙura ya ɓace, sannan ku amsa gaskiya. Duk ranar da kuka ƙara wani abu da ya sauya amsa, dole a sake cikawa. Idan asusun sabo ne na mutum ɗaya, za a nemi gwajin mutum 12 na kwana 14 a jere. Ku sa magidanta cikinsu, su za su ga abin da idonku ya saba da shi.

Alamar 18 bayani ce ga mai saye, ba ta halasta komai. Yaƙi da jini ba tare da yanka gaɓoɓi da wasa da gawa ba, ina ganin babu laifi ga manya idan an bayyana. Tsiraici da batsa da izgili ga addini da koyar da caca kuwa haram ne ko wace lamba aka manna, kuma aya ta 19 a Suratun Nur ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai.

Akwatin nan ya fi jinin damuna. Mutum ya ba da kuɗi tabbatacce a kan abin da bai sani ba, ko ya dace ko ya yi asara: wannan garari ne da Annabi ya hana a ciniki, kuma ƙofar caca ce. Google yana wajabta a bayyana yiwuwar fitowar kowane kaya kafin saye, amma sanin cewa takobin zinariya yana fita sau ɗaya cikin ɗari bai sanar da mai saye abin da zai samu ba. Ƙasar Beljiyam ma tun 2018 ta ɗauki irin akwatin nan a matsayin caca. Ku sayar da kowane makami da sunansa da hotonsa da farashinsa. Akwatin da ake samu kyauta ta hanyar cin mataki babu laifi.

Idan za ku sa talla ta AdMob, wato tsarin tallan Google na cikin manhajoji, ku shiga saitinta ku rufe rukunin caca da giya da neman abokan soyayya, ku kuma daidaita iyakar tallan da alamar wasan, domin abin da ya bayyana a wasanku da izininku ya bayyana. Ranar da kuka nufi Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, can dala 100 ake biya kan kowane wasa, kuma da hannunku za ku rubuta bayanin abin da bai dace da yara ba. Hukuncin ɗaya ne. Wallahu a'alam.