Ta yaya zan gane halin shugabanni a babban kamfanin kuɗi kafin in karɓi aiki?

Tambaya: Wani babban kamfanin hada-hadar kuɗi ya ba ni aiki a sashen kula da abokan ciniki. Albashin ya yi min, amma ina jin ana cewa irin waɗannan wurare akwai matsi. Me zan duba kafin in sa hannu?

Amsa: Malam, sunan kamfani ba zai nuna maka komai ba, don a gini ɗaya sai ka tarar wani sashe lafiya lau, wani kuma ana ta ajiye aiki. Manajan da zai riƙe ka za ka bincika, da yadda ake yanka wa ma'aikata adadin cinikin da za su kawo.

Ranar ganawa ka tambaya: wa ke yanka adadin nan, kuma mutum nawa cikin goma suka cika shi bara? In biyu ne ko uku, laifin na adadin ne. Sannan ka ji a kan me ake ba da tukuicin ƙarshen shekara. In yawan asusun da aka buɗe kaɗai ake ƙirgawa, ba a duba ko ana amfani da su ko abokan ciniki sun yi ƙorafi, to akwai gyara. Haka ta faru a bankin Wells Fargo na Amurka: an matsa wa ma'aikata su haɗa wa kowane abokin ciniki hajoji har takwas, sai suka shiga buɗe asusu da katunan bashi ba da sanin masu su ba. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka kuma bayyana cewa an kori ma'aikata kusan 5,300 cikin shekaru biyar da suka gabata, shugabansa John Stumpf ya sauka. Wasu tsofaffin ma'aikatan sun ce da suka kai ƙara ta layin tsegunta laifi, su aka sallama. Don haka ka tambayi inda ƙorafi ke zuwa. In yana komawa teburin manajan da ake ƙara ne, layin na ado ne kawai.

Hutu ma ma'auni ne, ko da yake mutane na raina shi. Bankuna da yawa na tilasta wa masu taɓa kuɗi hutun mako biyu a jere, wani ya riƙe aikinsu, domin ɓoyayyen kuskure ya fito fili. Manajan da ke alfaharin yaransa ba sa zuwa hutu abin tsoro ne. Haka wurin da mutum ɗaya ke yin ciniki kuma shi ke tantance lissafinsa. Wannan ne ya ba Nick Leeson, wani ma'aikacin bankin Barings na Birtaniya, damar ɓoye asarar fam miliyan 827 da ta durƙusar da bankin a 1995.

Ka kuma tambayi dalilin da kujerar ta zama babu kowa, da mutum nawa suka bar sashen cikin wata 12. Ka nemi biyu daga cikin waɗanda suka tafi, don su bakinsu a sake yake. In an ƙi haɗa ka da manajan naka kafin ka sa hannu, ka dakata tukuna.