Jini bayan al'ada ta ɗauke: me hoton sikanin zai nuna?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata shekarunta 58, al'adarta ta ɗauke shekara shida ke nan. Watan jiya ta ga ɗan jini, kwana biyu ya tsaya. An yi mata sikanin ta saman ciki an ce ba komai. Mu kwantar da hankali? Daga wata 'yar'uwa a Daura.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. A'a, da sauran aiki. Macen da ta shekara cur ba ta ga al'ada ba, duk jinin da ya zo bayan nan, ko ɗigo ne a zane, sai an bincika. Iyayenmu kan ɗauke shi jinin istihala, su tambayi malam hukuncin salla, shi ke nan. Tambayar malam daidai ce, amma a haɗa da asibiti.

Galibi dalilin mai sauƙi ne: fatar gaba da ta cikin mahaifa ta bushe ta yi siriri saboda shekaru, ko wani ɗan tsiro ya fito. Amma kusan mace 1 cikin 10 masu irin wannan jini ana samun kansar mahaifa, musamman mai ƙiba ko ciwon suga. In an kama ta da wuri, tiyata kan raba mace da ita.

Abin da muke nema a sikanin shi ne kaurin shimfiɗar cikin mahaifa. Hoton saman ciki, wanda ake ɗirka wa mace ruwa sai mafitsara ta cika, ba ya auna wannan da kyau. Na ta gaba ake so. Na'ura ce siririya, a sa mata kororon roba da mai, a shigar a hankali bayan mace ta yi fitsari, cikin 'yan mintoci an gama. Da sauti take aiki, ba ta cutarwa. Na san kunya ce ke hana dattijai yarda. Ku nemi mace ta yi mata, ke kuma ki tsaya kusa da ita.

In kaurin bai wuce milimita 4 ba, da wuya ƙwarai a samu cutar kansa. In ya wuce, ko ƙari ya tare hoton, za a sa siririn bututu a ɗebo ɗan nama daga ciki a kai gwaji. Sikanin ba ya cewa wannan kansa ce, gwajin naman ne ke faɗa. Haka kuma za a ɗebo naman in jinin ya dawo, ko da hoton farko ya yi kyau.

Ki dubi takardar da aka ba ku. In ba a rubuta kaurin da lamba ba, ba a amsa tambayar ba. Sannan dole likita ya duba bakin mahaifa da ido, don kansar wurin ta yi yawa a ƙasar nan kuma tana iya kuɓuce wa sikanin. Ku fara da asibitin gwamnati da ke Daura, ko ku wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, sashen mata, cikin mako biyun nan.