Jan fenti a jikin mangwaro: ina mayo ya tsaya, ina lambuna ya fara?

Metir, lauyanmu, assalamu alaikum. Ina zaune a wani gari cikin jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Muna da lambu a bakin mayo, wato rafin garinmu, gadon mahaifinmu ne. Shi ya share wurin tun zamanin Ahijo, ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro goma sha ɗaya. Da rani idan ruwa ya janye nakan sauka gangaren in yi fangalin albasa da latas. A 2011 na sayi ɗan fili a gefe daga hannun maƙwabcina, lawan, wato dagacinmu, ya sa hannu ya buga hatimi, na gina ɗaki ɗaya na ajiye injin ban-ruwa. Makonni uku da suka wuce ma'aikatan magajin gari suka zo da igiyar awo, suka auna mita 25 daga bakin mayo, suka kafa turaku, suka shafa jan fenti a ɗakin da mangwaro bakwai. Wai za a bar bakin mayon fili, a yi hanyar ƙafa, a dasa itatuwa, a hana zuba shara da ɗiban yashi. Ɗaya daga cikinsu ya ce mita 25 ɗin duk na gwamnati ne, ko dala ba za a ba ni ba. Ƙanena ya ce mu tumɓuke turakun. Me doka ta ce?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinku. Kafin komai ka riƙe ƙanenka. Turakun nan su zauna inda suke. Yanzu kai ne mai ƙorafi; ranar da aka cire su, ku za a nema a ofishin jandarma, maganar fili ta koma maganar laifi.

A idonka lambu ɗaya ne. A idon doka wuri uku ne, kowanne da hukuncinsa, kuma mutumin da ya ce maka ba ka da ko dala ya haɗa su ne ya yi musu kuɗin goro.

Mu fara da mita 25, tunda a kanta aka yi awon. Ba ƙirƙirar ta suka yi ba. Tana cikin doka mai lamba 74-2 ta 6 ga Yuli 1974, wadda ta zayyana dukiyar jama'a da ba a sayarwa, ba a kuma mallakarta komai daɗewar zama a kai. Sai dai dokar ta raba ruwa biyu. Kogin da jirgi ke bi, ko ake iya kora kaya a kansa, na jama'a ne har inda ruwansa ke kaiwa in ya cika matuƙa, sannan a ƙara mita 25 a kan tudu. Irin Binuwai a Garwa ke nan, ko Logon a Kusiri. Ruwan da jirgi ba ya bi kuwa, iyakarsa ita ce tsayin ruwan in ya cika bakinsa fal, ba a ƙara komai a kai. To wane iri ne mayonku? Duk wanda ya san Marwa ya san Mayo Kaliyawo: yawancin shekara rairayi ne, yara na buga ƙwallo a ciki, masu wanki na tona rami su samu ruwa. In naku haka yake, kana da hujja mai ƙarfi cewa dukiyar jama'a ta tsaya a bakin gaɓa, ba ta hau tudu ba. Na sha ganin masu awo suna ɗaukar mita 25 kamar wani mudu da ake auna kowane ruwa da shi, har kwalbati.

Amma kada ka yi saurin murna. Akwai wata ƙofa da mita 25, ko fiye, ke iya shigowa ta ita. Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta hana gini a wurin da ke fuskantar ambaliya ko zaizaya, ta kuma ba ƙananan hukumomi damar fitar da taswirar amfani da ƙasa, su ce nan gidaje, nan kasuwa, nan a bar shi fili. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ita ma ta sa dasa itatuwa da kula da wuraren shan iska cikin aikinsu. Saboda haka niyyar magajin gari ba ta saɓa wa doka ba, kuma ni a ganina niyya ce mai kyau. Bakin mayon da aka bari ga masu tifa da masu shara, gaɓarsa ruftawa take yi, kuma lambunka ne farkon abin da ruwa zai ci. Abin lura shi ne, hana gini daban, karɓe fili daban. Taswira na iya hana ka ɗora bulo. Ba ta mayar da mangwaron mahaifinka na hukuma.

Gangaren da kake fangalin albasa, wannan ka cire rai. Wurin da ruwa ke rufewa duk damina cikin mayo yake, kuma ko shekara ɗari kuka yi kuna nomansa bai zama naku ba. Ko takardar mallaka aka yanka a kai, doka ta ce ɓatacciya ce. Iyakar abin da za ka nema shi ne a bar ka ka cire albasar bana, ko a ba ka izinin noman rani a rubuce, wanda ana iya janye shi.

Yanzu lambun sama, inda rijiya da mangwaro suke. Nan ne ƙarfinka, nan ne kuma kake da aiki. A Kamaru takarda ɗaya ce ke tabbatar da mallakar ƙasa, wato titir fonsiye. Ba ka ambace ta ba, don haka na ɗauka babu. Filin da ba shi da titir, kuma ba ya cikin dukiyar jama'a ko ta gwamnati, doka mai lamba 74-1 ta sa shi cikin filayen ƙasa da gwamnati ke kula da su. Amma ta ce wanda ta tarar yana zaune ko yana aiki a wuri cikin lumana ya ci gaba, kuma yana iya neman titir. Ranar da ake dubawa ita ce 5 ga Agusta 1974.

Ka ce "tun zamanin Ahijo". Alhaji, Ahijo ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982, kuma 1974 tana tsakiya. In mahaifinka ya share wurin a 1968, kana cikin waɗanda za su nemi titir kai tsaye. In a 1978 ne, hanyar ta canza, sai ta neman gwamnati ta ba ku filin bisa sharaɗi. Don haka ka nemo abin da zai tsayar da shekarar. Dattawan da suka ga haƙar rijiyar, tun suna raye. Shekarar da wataƙila aka rubuta da yatsa a simintin bakinta kafin ya bushe, kamar yadda magina kan yi. Kaurin mangwaron kansa shaida ne, ma'aikacin gona na iya ƙiyasta shekarunsa. Ana shigar da neman titir ta ofishin sufirefe, wato wakilin gwamnati a yankinku, kwamitin da yake shugabanta ya zo wurin tare da mai gari da dattawa biyu, su ga aikin da aka yi. Tunda gado ne, ba kai kaɗai ba ne: ku fara samo hukuncin kotu da ya lissafa magada, har da mata. Kada ka nema da sunanka kai ɗaya, ka kashe wata wuta ka kunna ta cikin gida.

Me ya sa nake matsa maka a kan titir? Saboda diyya. Dokar 4 ga Yuli 1985, wadda ta tsara karɓar fili don amfanin jama'a, mai titir take biya kuɗin ƙasar kanta. Wanda ba shi da ita, abin da aka saba biyansa shi ne guminsa da ke kan ƙasar: itatuwa, amfanin gona, rijiya, gini. Ka ga "ko dala" ba gaskiya ba ce. Sai dai kada ka sa rai da yawa. Farashin itatuwa an tsayar da shi ne tun a wata dokar firaminista ta 25 ga Fabrairu 2003, inda babban mangwaro yake sefa 35,000, ƙarami 5,000. Bakwai ɗinka 245,000 ke nan. Kai ka san abin da bishiya ɗaya ke kawo maka duk bazara, ba sai na faɗa maka cinikin bai yi ba. Shi ya sa nake ganin ka fi riba in mangwaron ya tsaya da a biya ka shi. Kuma ka duba abin dariya: mutanen da suka ce itatuwa za su dasa, su ne suka shafa wa itatuwa masu shekara kusan hamsin fenti. Darbejiyar da za su dasa, sai an kare ta daga awaki, an yi mata ban-ruwa rani da yawa kafin ta yi inuwar da taka ke yi yau. Wannan maganar ka kai ta gabansu a rubuce: hanyar ƙafa ta bi ta ƙarƙashin mangwaron, ka ja shingenka baya, kai ka ci gaba da kula da su kana tsinkar 'ya'yan. In sun yarda, a sa a takarda, majalisar gari ta amince. Alkawarin baki yana tafiya da mai kujera.

Filin 2011 kuwa, sai ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Doka mai lamba 74-1 ta ce sayar da filin da ba shi da titir da sunan mai sayarwa ɓataccen ciniki ne, kuma ko mai titir ne sai a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da ciniki, ake sayarwa. Na san rabin garinku da irin takardarka suke zaune, kuma ban raina hatimin lawan ba. Tana da amfani: tana nuna yaushe ka shiga, ba da ƙarfi ka shiga ba. Amma ba ta ba ka mallaka. Ɗakin ma, in ba ka da izinin gini, dokar 1985 ta ce ba a biyan diyyar ginin da aka yi saɓanin ƙa'ida. Ka sa a rubuta shi cikin lissafi, amma ka fara tunanin inda za ka mayar da injinka.

Sai tambayar da ta fi kowacce: da wace takarda suka zo? Jan fenti ba hukunci ba ne. Magajin gari ba ya karɓe fili da kansa. Sai ministan da ke kula da filaye ya fitar da sanarwar cewa aikin na amfanin jama'a ne, sannan kwamitin tantancewa da ƙiyasi, wanda firefe, wato wakilin gwamnati da ke sama da sufirefe, ke shugabanta a matakin gunduma, ya zo ya ƙirga abin da ke wurin. Dokar 16 ga Disamba 1987 ta ce a sanar da mutane kwana 30 kafin ranar, ta hannun sarakuna da dattawa, ta kuma ce ƙaramar hukuma ta fara zama da masu wurin a nemi daidaito. Bayan umarnin karɓa ya fito, ana ba da wata shida a tashi, ko uku in aikin na gaggawa ne. Hukumar da za ta ci moriyar filin ita ke biya. Sanarwar ministan kuma ba ta har abada ba ce. Shekara biyu take, a iya ƙara mata ɗaya.

Ka rubuta wa magajin gari wasiƙa da Faransanci, ka nemi kwafin shawarar majalisa, da taswirar, da sanarwar minista in akwai. Dokar 2019 ta ba duk mazaunin gari damar ganin irin waɗannan takardun majalisa, kuɗin kwafi a kansa. Ka tafi da kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Ka aika ɗaya ofishin firefe, domin shi ke sa ido a kan ayyukan ƙaramar hukuma. In babu sanarwar minista, ka shigar da neman titir na lambun sama ba tare da ɓata lokaci ba. In ta riga ta fito, daga ranar an dakatar da saye da sayarwa da duk wani sabon aiki a wurin. Kada wani ya ba ka shawarar dasa 'ya'yan itace da dare don lissafi ya ƙaru. Ma'aikacin gona ya san dashen jiya, kuma da zarar ya kama ka a ɗaya, sauran maganarka ta yi rauni.

In abin ya kai ga shari'a, kwanaki ne ke kayar da mutane, ba rashin gaskiya ba. Ba a zuwa kotun ƙarar hukuma da ke Marwa kai tsaye. Sai ka fara kai kuka a rubuce ga hukumar da ta yanke shawarar, cikin wata uku daga ranar da aka sanar da kai ko aka buga ta. In ta yi shiru wata uku, an ƙi ke nan, kuma daga nan kwana 60 gare ka ka shigar da ƙara. Ƙara ita kaɗai ba ta tsayar da katafila. Sai lauyanka ya nemi kotu ta dakatar da aikin. In kuwa yawan kuɗin diyya ne bai yi maka ba, hanyar daban ce: ka kai kuka ma'aikatar filaye, in ba ka gamsu ba, wata ɗaya kacal gare ka ka je kotun yankin da filin yake. Ba kai kaɗai aka shafa wa fenti ba, na tabbata. Ku haɗu ku ɗauki lauya ɗaya da mai awon fili ɗaya, nauyin ya ragu.

Wani abu kuma da ba ya buƙatar lauya. A makon nan ka bi lambun da waya ka ɗauki hoton kowace bishiya, da rijiya, da turakun, da layin tarkacen da ruwan bara ya bari a jikin gaɓa. In da hali ka kira uwisiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaida, ya rubuta abin da ya gani, domin takardarsa tana da nauyi a gaban alƙali. Idan kuma damina ta riske ku kafin kwamiti ya zo, ranar da mayo ya cika bakinsa a watan Agusta ka fito da maƙwabta biyu, ka tsaya a tudu daga nesa, ka ɗauki bidiyon inda ruwan ya tsaya da inda mangwaron farko yake.