Amsa ga Alhajin da ya kamu da son tamis a Makka

Alhaji barka da sauka, Allah ya karɓi umara. Naga saƙonka, wai ka gano wani gidan tamis, faffaɗan burodin nan na tanderu, a bayan masaukinku a Misfala har ka daina cin karin otal, amma abinda ya ɗaure maka kai shine ganin dattawan Hausawa a layi da sassafe kowa riƙe da ledarsa, kace shin matanmu basa dama koko ne, ko dai mun zama Larabawa gaba ɗaya.

To tamis ɗin ma ai ba na Larabawa bane. Buhariyawa ne suka zo da shi, mutanen da suka baro tsakiyar Asiya lokacin da Tarayyar Sobiyet ta mamaye ƙasarsu wajen 1920 zuwa 1930, yanzu kuma yawanci Afganawa ne ke riƙe da sana'ar. Mu Hausawan Makka kuwa kakanninmu da ƙafa suka zo, ta Chadi, ta Sudan, su tsallaka teku daga Sawakin, da yawansu bayan yaƙin Burmi na 1903 suka taso. Kaga kenan baƙo ne ya tarar da baƙo, kowa ya buɗe ƙunshinsa aka ci tare.

Layin da ka gani dole ce ta sa. Tamis ba burodin leda bane da zaka ajiye kwana uku kana yanka, idan ya huce ya zama jan hali, sai kayi ta ja da haƙori. Shi yasa kowa yake so a ciro masa daga wuta a gabansa. Inaga ka lura su uku ko huɗu ne a ciki, wani yana curawa, wani yana faɗaɗa kwaɓin yana huda shi don kada ya kumbura, sai babban ya ɗora a kan wani abu kamar matashi ya zura hannu ya manna a jikin tannur, minti kaɗan ya sa dogon ƙarfe ya zaro. In ka taɓa tsayawa wajen masu gurasa a Jakara kaga tanderu to kusan aikin ɗaya ne, sai dai wannan yafi faɗi kuma da gas ake yi.

Kuma ba'a cinsa gaya. Kusan duk inda kaga mai tamis akwai mai ful a gefensa, waken da ya kwana yana dahuwa a cikin jarra, wancan tulun ƙarfen mai ƙaramin baki da ake karkatawa, a kwarfo da dogon ludayi a zuba samna, wato man shanu, ko man zaitun, a ƙulla maka dugus, markaɗen tumatir mai yaji, a gefe. Akwai gulaba, ful ɗin da ake soyawa da tumatir da albasa, akwai adas, wani ɗan ƙaramin wake. Ni dai a wajena ful da samna ne gaskiya, sauran duk ƙarin bayani ne.

Maganar maza a layi kuma, na san a Kano magidanci bazai tsaya gaban mai ƙosai ba, yaro zai aika. Nan ba haka bane wallahi, maigida in ya fito sallar asuba shi ke biyawa ya sayo, babu mai kallonsa, zakaga limamin unguwa ma a bayanka yana jira. Sannan ka tuna gidajenmu na bene ne, ɗaki biyu da falo, babu tsakar gida babu turmi, injin niƙa baya bakin lungu, yara kuma ƙarfe bakwai suna makaranta. Tamis shekara da shekaru riyal ɗaya ne, sai da aka kawo harajin kaya a 2018 aka ɗaga harajin zuwa kashi 15 cikin ɗari a 2020 sannan abubuwa suka ɗan motsa, amma har yau da kuɗi kaɗan gida guda zai karya ya ƙoshi. Wace mace zaka ce ta tashi ta tace gasara alhali ga wannan a ƙofar gida?

Koko bamu yar da shi ba. Da ka leƙa wajen Shara Mansur, wani titi a nan Makka, da ka samu koko da ƙosai da waina da fura, matanmu ne ke yi, kuma ranar suna ko biki tuwo ne da miyar kuka ba ful ba. Tsirenmu kuwa ya shiga gari, mutanen Makka da Jidda siriya suke ce masa, Balarabe zai taso daga unguwa mai nisa da motarsa don shi.

Da azumi kazo da kaga layi na gaske, bayan la'asar har faɗa ake yi a gaban jarra, ga burodin shuraik mai riɗi a kai, ga sobiya ta sha a leda. Ragowar burodi kuma bama zubawa a shara, a leda daban ake ƙullewa a ajiye gefe masu dabbobi su ɗauka.

Batun in aiko maka da shi ta hannun masu dawowa, dan Allah Alhaji ka bari, kafin jirgi ya sauka Kano ko akuya sai tayi tunani. In Allah ya sake kawo ka kace masa biskot kake so, wanda ake sa wa suga da samna, kuma kaje kafin rana ta ɗaga.