Tambaya da Amsa: Ina yi wa yarana Larabci, suna amsa mini da Hausa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni Balarabiya ce daga yankin Tesker, aure ya kawo ni Damagaram shekara 11 ke nan. Maigidana Bahaushe ne. Yaranmu uku, in na yi musu Larabci sai su amsa da Hausa. Bara mahaifiyata ta zo, autanmu ya kasa ko gaishe ta yadda ya kamata, har ta yi ƙwalla. Maigidana ya ce kada in damu, tunda suna lakwal ɗin franko-arab, inda ake karatu da Faransanci da Larabci, Larabci ba zai ɓace musu ba. Haka ne? Daga wata uwa a unguwar Zango.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Allah ya raya zuri'a. Maigidanki yana da gaskiya rabi, kuma rabin da ya rage shi ne ya sa Hajiya ƙwalla.

Larabci iri biyu ne ke zaune a ƙasar nan. Na farko shi ne na allo da littafi, kuma wannan kam ba ya cikin wani haɗari. Ki leƙa kowace unguwa ta Birni da asuba, za ki ji shi a bakin almajirai. Tun 1957 aka buɗe madarasar franko-arab ta farko a Say, a 1986 Jami'ar Musulunci ta garin ta fara karatu, yau kuma yaro na iya bin wannan layi tun daga ajin farko har bakaloreya, jarrabawar ƙarshen sakandare. Dokar 2001 ta sa Larabci cikin harsunan ƙasa 10. Kundin 2025 da ya ɗaga Hausa ya zama harshen ƙasa, shi ma ya ambaci Larabci cikin harsunan da ake magana da su a Nijar. Ga kuma abin da ya narke cikin Hausarmu tun kafin zamanin da fataken Tarabulus ke sauka a Zangon da kike zaune, lokacin Sarki Tanimune: littafi, alƙalami, alƙali, albasa, Litinin da Talata, ashirin da talatin. Wannan Larabcin yana da masallaci da gwamnati da dubban malamai a bayansa.

Na biyu shi ne naki, wanda kika sha a nono. Larabawan Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, kuma su kansu ba Larabci iri ɗaya suke magana da shi ba. Na Tasara a jihar Tawa daban, Mahamid na Difa da harshensu ya fi kusa da na Cadi daban, Awlad Sulaiman na wajen Tesker da N'Gurti waɗanda asalinsu Fezzan ta Libiya su ma daban. Babu ajin da ake koyar da ko ɗaya daga cikinsu. A daji, tsakanin raƙuma da rijiya, yaro ba shi da wani zaɓi sai ya yi shi. A Damagaram kuwa, da ya fita ƙofar gida Hausa ce ke tarbarsa, a wajen wasa, a Kasuwar Dole, har a bakin ƴan uwan babansa.

Na koyar da nahawu shekaru da dama, kuma ba na manta wata ɗalibata, jikar Larabawa, wadda ba a taɓa gaba da ita a i'irabi, wato feɗe jimlar Larabci, ba. Ranar da kakarta ta zo ɗaukarta, a gabana tsohuwar ta yi mata magana, yarinyar ta juyo tana kallona in fassara mata. Ni ma rabi na kama. Abin ya daɗe yana damuna, don ni na ba ta makin nan, kuma ban ba ta abin da za ta yi hira da kakarta da shi ba.

Amma tunda yaranki suna ji, ba a makara ba. Yaro mai ji kuma ba ya amsawa, harshen na nan kwance a cikinsa. Ki ci gaba da yi musu Larabci ko sun amsa da Hausa, kada ki koma Hausa don sauƙi. In ɗayansu ya gwada ya yi kuskure, kada a yi masa dariya, kada kuma a tsare shi da gyara, ki maimaita maganar daidai ki wuce. Dariyar manya ta rufe bakin yara da yawa. Ki bar su suna turo wa Hajiya saƙon murya a WhatsApp da bakinsu. Abin da ya fi duka aiki kuwa, in hali ya yi, su yi hutun damina a wajenta, inda abokan wasansu ba sa jin Hausa sosai. Wata biyu a can ya fi shekara biyu na faɗa a gida.

Kada kuma ki cire su daga franko-arab. Na aji da na gida suna taimakon juna, yaron da ya ji kalma a bakin uwarsa ya fi saurin gane ta a littafi.

Saƙona ga maigida, cikin girmamawa: Alhaji, ka koyi ko gaisuwa ce da godiyar abinci a harshen uwargida, ka riƙa yi a gaban yaran. In Hajiya ta sake zuwa, kai ka fara gaishe ta da shi, sannan ka tura auta.